Filtar da Kalilu Ya Ƙi Tambaya

Kalilu ɗan ƙauyen Farfaru ne, ɗan manomi, amma fartanya ba ta taɓa zama a hannunsa ba. Tun da ya ga motar gyaɗa ta farko ta wuce Jibiya ya bi ta, ya yi shekara bakwai a garejin Katsina yana shan baƙin mai, ya dawo da lasin na tuƙi da sufana uku. Direba ne na kirki, wannan kam ba a ƙwace masa. Aibinsa ɗaya: gara a yanke masa yatsa da ya ce bai sani ba.

Ya auri Rabi'a, ɗiyar Malam Uwaisu, tsohon soja wanda ya yi gyaran motoci a yaƙin Bama. Bayan yaƙi Malam Uwaisu ya sayi wata ƙatuwar motar soja a gwanjo, yana jigilar gyaɗa daga Maraɗi zuwa Kano. Da yanar ido ta fara rufe masa gani a 1954, sai ya aika amininsa Lado, mai sayar da goro, ya ce a faɗa wa mijin Rabi'a ya ɗauki motar. Aike ya yi, don suruki ba ya zama da surukinsa su yi ta magana baki da baki. Kalilu in ya hango tsohon tafe, takalmi yake tuɓewa ya durƙusa gefen hanya, ya gaishe shi kansa a ƙasa.

To, fetur ɗin wancan zamani a garwa ake saye, ga tsatsa ga yashi. Abin da ke tsare inji shi ne filta, wani ɗan mataci da mai ke ratsawa kafin ya shiga. Wata rana a hanyar Kano filtar ta toshe, mota ta fara tari. Maimakon ya wanke ta a hankali, sai gogan naka ya zaro ƙusa ya huda ta wuri uku. Mota ta tashi, ya ji daɗi. Kwana goma sai datti ya fara wucewa, tarin ya dawo ya fi na da.

Nan nema ya fara. A Katsina aka ce ba su taɓa ganin irinta ba. A Sabon Garin Kano wani mai shago ya juya ta a hannu, ya leƙa hujojin, ya ce, "Wa ya yi wannan ɗanyen aiki?" Kalilu ya ce wani ne. Kunnensa har zafi yake yi da ya fito.

Rabi'a ta ga ba ya cin tuwo, ta ce, "Maigida, bari in tahi in gaya ma Baba. Shi ya san cikin motag ga."

"Kul!" in ji shi. "Kul na ji kin buɗe baki. Mutum ya ba ni amana, in koma in ce mashi na sa ƙusa na ɓata? Da wane ido?"

Sai ya ƙetare iyaka. A Maraɗi ya samu filtar motar Faransi, sabuwa ful, girmansu ɗaya har ya yi hamdala. Abin da bai sani ba, ko ya sani ya runtse ido, shi ne awon Faransi daban, na Ingilishi daban. Haƙoran murɗinta ba su hau na motar ba. Wayyo Kalilu! Ya naɗa mata abawa, ya shafa sabulun salo, ya sa sufana ya danne har ta zauna a karkace. Tari ya tsaya. Mako biyu yana tafiya da ita, kullum kunnensa na kan injin.

Ran wata Lahadi, ranar kasuwar Jibiya, da hantsi wani mai keke ya iso da labari: yayan Malam Uwaisu, uwa ɗaya uba ɗaya, ya rasu a ƙauyensu can ƙetaren iyaka. An ce za a jira ƙanen har azahar, ba za a wuce haka ba, don gawa ba ta jira. A mota tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Dangi suka cika baya, tsohon da Lado suka shiga gaba. Kalilu bai taɓa zama kusa da surukinsa haka ba, ya takure jikin ƙofa yana tuƙi.

Sun wuce Magama, gargadar hanya na girgiza su. Kwastan suka ɗaga shinge suka yi musu ta'aziyya. Ba su kai shingen duwan, kwastan na Faransi, ba, sai warin fetur ya cika gaban motar. Ta yi tari biyu ta mutu, a tsakiyar hanya, ga masu jakuna da raƙuma suna ta wucewa kasuwa.

Kalilu ya buɗe inji. Filtar na reto, haƙoran mazauninta sun cinye sarai, mai na zuba ƙasa. Ya naɗa tsumma, ya juya handul na tayar da inji har tafinsa ya saluɓe. Banza. Mutane suka taru, kowa da shawararsa, rana na ta hawa.

Sai Malam Uwaisu ya ce wa Lado ya kama hannunsa. Ya sauko, ya laluba cikin injin da yatsu, tunda idon ba ya gani sosai. Ya taɓa abawar, ya shinshina sabulun. Kalilu na durƙushe gefe, ba takalmi, yana roƙon ƙasa ta tsage ya shige.

Tsohon bai juyo gare shi ba. Da Lado ya yi magana, a hankali, amma kowa ya ji.

"Lado, ka gaya ma mai motag ga, akwai irin filtar tata guda shida cikin akwatina na soja, tun ranar gwanjo. Wata biyu ina jin tarinta daga zaure, na san abin da ke damunta. Na ce in na aika mashi, zai ga kamar na raina aikinshi. Ni ma kunyarshi ni ka ji."

Aka samo jaki aka ɗora tsohon. Sun isa bayan la'asar, an riga an dawo daga kushewa. Bai ga fuskar ɗan'uwansa ba, bai yi masa salla ba, tudun ƙasa kawai aka nuna masa ya dafa.

Bayan addu'ar uku Lado ya kawo akwatin har ƙofar gidan Kalilu, aka nemo mazaunin filta a jikin wata matacciyar mota a Kano, mota ta gyaru. Kalilu ya ci gaba da tuƙa ta, ya yi suna, ya gina gida a bakin tasha. Da dai tsohon ya zage shi, ko ya ƙwace motar, da ya samu sauƙi. Bai yi ba. Shekara huɗu Malam Uwaisu ya ƙara a duniya, kullum Kalilu ya durƙusa gaishe shi, amsa ɗaya ce: "Allah shi yi albarka." Wannan albarkar ita ce abin da Kalilu bai taɓa iya ɗaga kai ya karɓa ba.