Ɓarawon shanuna ya daina kira

"Baba, wayarka lafiyarta ƙalau," in ji mai gyara a Tudun Wada.

Na ce ƙarya ne. Ɓarawon shanuna, wanda shaidata ta ɗaure, kullum sai ya kira ni daga gidan yari, wai zai turo a ƙone min rumbu. Kwana biyu shiru.

"Ai an toshe musu sabis, Baba. Ko kewarsa kake?"

Na ce, "Gidanku." Sannan na yi hamdala.

Zamanin muna haƙar kuza a Riruwai, wanda aka ɗaure ya ɗauru. Shanuna ba su dawo ba, ban kuma yafe ba, amma na daina kwana gindin rumbu.

Ku faɗa min, wa ke shigar musu da wayoyin?