Karan Dafi a Hannun Mai Takaba

Azumin farko bayan an yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato a cikin takaba ya same ni. Maigidana direban babbar mota ne, yana ɗaukar albasa daga Aliero, inda muke zaune, zuwa kudu. Ya fita da lodi wata Talata, labarinsa kawai aka dawo mana da shi. Ya bar ni da 'ya'ya uku: ɗan fari namiji mai shekara tara, mai bi masa mace, sai auta da ba ta daɗe da yaye ba. A gidansu nake zaman takabar, ɗakina yana kallon na tsohuwarsa.

Azumi ya raba tsakiya sai ga wan maigidana daga Jega, inda yake da shagon hatsi. Ya tsaya bakin ƙofa, muka gaisa ta bayan asabari.

"Gidan ga babu Salla bana," in ji shi. "Ran jajibiri ina zakuwa in kwashe ɗiyan ga mu tahi Jega, su yi Salla cikin 'yan'uwansu."

Na ce to, don ba a yi wa wan miji musu. Amma na san irin wannan tafiya. Marayun da aka ɗauka su yi Salla gidan baffansu, daga baya kayansu ake aika musu. Na gani da idona ga wata yayata a garinmu Karaye, nata huɗu aka kwashe da sunan Salla, ba su dawo ba.

Na wuni ina juya maganarsa. Hujja ɗaya ya kawo, wai babu Salla a gidan. To in dai wannan ce, ni zan kawo ta. Mai takaba ba ta lalle, ba ta kwalli, ba ta turare, ba ta ɗaura sabon zane, duk na yarda. Amma ban taɓa jin malamin da ya ce ɗaki ma yana takaba ba, balle yara.

Ni ba fita nake ba, don haka yaran suka zama ƙafafuna. Lokacin ko'ina gini ake, sabuwar jiha ta zo da ofisoshi, takardar buhun siminti har a bola. Ɗan farina ya kwaso mana ita, ya haɗo da karan dawa da farar ƙasa. Yarinyar na aike ta rumfar masu gyaran albasa ta ciko ƙwarya da ɓawo, wanda ba ma roƙonsa ake ba, iska ke yawo da shi. Wata maƙwabciya mai saƙar faifai ta ba mu karan dafi, jan ɓawon karan nan da ake rina kaba da shi. Ƙaro muka jiƙa ya zama abin liƙi.

Farkon aikin abin dariya ne. Na dafa ɓawon albasa, muka tsoma takarda, ta fito kamar shayin marowaci. Sai da na jefa kanwa sannan ya yi ruwan ɗorawa mai kyau. Karan dafi kuwa da ya ji kanwa sai ya yi ja jawur. Muka riƙa yanka takardar kamar 'yan tutoci, mu tsoma, mu shanya a kan tabarma, mu danne da tsakuwa. Rabi suka yage a hannunmu. Waɗanda suka tsira muka liƙa su a igiyar rama, ja ɗaya, ɗorawa ɗaya. Layin farko da muka gama akuyar gidan ta cinye shi tas, yarinyar ta zauna ta yi ta kuka. Na ce ta share hawaye, siminti bai ƙare a Kebbi ba, mu sake.

Zafin bazara ake yi, ga azumi, ga hayaƙin murhu, amma ban sassauta ba. Muka shafe bango da farar ƙasa, yaran suka tsoma tafin hannu a rini suka buga a kai, auta sai da na ɗaga ta. Muka fasa murafen gwangwanin madara da ƙusa muka rataye su, suna ƙyalli in iska ta kaɗa. Na yi wa matan 'yan tsana na kara da gashin zare. Yaron ya keɓe gefe da wuƙarsa da sakaina, da na leƙa sai na ga babbar mota yake haɗawa. Na kau da kai, ban hana shi ba. Ranar ce na fara jin dariyarsu a tsakar gidan tun rasuwar.

Tsohuwa duk tana kallo daga bakin ƙofarta, carbi a hannu. Tun da aka kawo labarin ɗanta magana ta yi mata wuya. Na ɗauka haushina take ji. Na ce a raina ko tana ji sai na gama.

Abin da ban lura da shi ba hannuwana ne. Kwana biyar ina tsoma su a tukunyar karan dafi, sun rine har wuyan hannu, farata sun yi duhu. Wata mata ta shigo aron rariya, na miƙa mata, sai na ga idonta ya tsaya a kansu. Ta karɓi rariyar ta fice da sauri. Kafin la'asar unguwa ta ɗauka cewa mai takaba ta yi ƙunshi, miji bai yi wata uku a ƙasa ba. Daga Aliero zuwa Jega kuwa magana ba ta jiran mota.

Na dirje hannuwan nan da toka, da lemun tsami, da dutsen goge kaushi, har fata ta soma saɓulewa. Jan bai ko gezau ba. Na ji haushin kaina ƙwarai. Ina neman toshe hujja ɗaya, na ƙera masa wadda ta fi ta da hannuna.

Bai jira jajibiri ba, saura kwana uku Salla ya iso. Wannan karon ko gaishe ni bai yi ba, gaban tsohuwa ya durƙusa, amma da muryar da zan ji.

"Inna, kin ji abin da aka hwaɗi cikin gari? An ce ta yi ƙumshi. Macen da ba ta iya riƙon takaba, ita za a bar ma ɗiyan ƙanena?"

Na matso bakin ƙofa. Na turo hannuwana biyu ta ƙarƙashin asabari.

"Ga su, Yaya, duba da kyau. Karan dahi na, ba lalle na ba."

Na kira yaran suka jeru suka buɗe nasu, duk ja. Ya dube su ya ce wannan ba shaida ba ce, wadda ta sa wa kanta lalle ai tana sa wa 'ya'yanta.

Sai tsohuwa ta ajiye carbi. Ta ce wa yarinyar ta ɗauko mata tukunyar. Ta tsoma hannun dama har wuya, ta bar shi ciki. Da ta fitar ta ɗaga shi gaban fuskar ɗanta, yana ɗiga, launinsa da nawa ba bambanci.

"To ga shi, ni ma na yi ƙumshi, tahi ka hwaɗa ma Jega," in ji ta. "Kwana biyar ina zamne nan ina kallonta. Kai ina kake? Ɗiyan ga nan za su yi Salla, gaban idona."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "To, Inna. Amma in ta hita takaba akwai magana, ko ba don komi ba don namijin."

Tsohuwa ba ta musa ba. Ni ma na ji, na kuma san abin da shirunta yake nufi.

Da ya tafi ta tako ta shigo ɗakina, karon farko tun rasuwar. Ta ɗaga kai ta bi tutocin da kallo, ta dubi tafukan jikokinta a bango. Ta ce layin bakin ƙofa ya yi ƙasa, zai taɓa kan baƙi, a ɗaga shi. Muka ɗaga.

Ranar Salla na zauna a kan tabarma da tsohon zanena, ba kwalli ba ɗan kunne. Yaran unguwa suka yi ta shigowa kallon ɗaki, nawa suna nuna musu wanda kowa ya yi, auta tana jan su zuwa wurin ɗan tafinta. Iyayensu mata ma sun leƙo, har da mai aron rariya, na gaishe ta da hannu biyu don ta ƙara gani.

Da azahar na zuba wa 'ya'yana shinkafa a kwano ɗaya, na zauna ina kallon hannaye uku jajaye suna shiga suna fita. Na yi farin ciki, kuma na yi kuka, ban ɓoye musu ba. Bayan na fita takaba aka yi maganar. Matan aka bar mini, na koma Karaye da su, namijin ya tafi Jega. Wannan ce Sallar ƙarshe da suka ci su uku a ɗakina, kuma tun ina zuba abincin na san haka, shi ya sa na cika kwanon har baki.