Amsar Da Hamdiya Ta Cire

Hamdiya ɗiyar wani tela ce a Dakoro. Ta yi lakol har kolej, ta koyi aiki da ordinatar, wato kwamfuta, a Maraɗi, sannan ta dawo gida ta samu aikin sakatariya a wata ƙungiya mai yi wa dabbobi rigakafi. Shekara tara ta yi a biro ɗin, wato ofishin ƙungiyar, kuma ba a taɓa jin ta ɗaga wa kowa murya ba.

A shekararta ta shida, masu tallafa wa ƙungiyar suka ce duk wata uku a raba wa ma'aikata anket, wata ƴar takarda mai tambaya biyar wadda ba a sa suna. Ana sauraronka a taro? An taɓa raina ka saboda yarenka, ko saboda ke mace ce? A ƙasa an bar layi biyu don mai ƙarin magana. Hamdiya aka ɗora wa tattarawa da rubuta rapor, wato rahoto.

Ma'aikatan su goma sha bakwai ne, kusan duka ƴaƴan manoma. Mamani kaɗai ya fito daga gidan makiyaya, dattijo ne daga wajen Korahane, harshen uwarsa Tamashek. Shi ke yi wa raƙuma allura, shi kuma ke shawo kan masu garke idan sun ƙi.

Da ta buɗe akwatin da ake zuba takardun karo na farko, ta ga takarda ɗaya da Hausa, da manyan baƙaƙe irin na wanda ya koyi rubutu da girma: "Ana tsara tafiyar daji da Faransanci, ni da na san rijiyoyin ba a tambayata. Har yau Buzu ake kirana, ba a kiran sunana."

Ta daɗe riƙe da takardar. In ta sa wannan a rapor, kowa zai gane mai shi, ga shugabansu Jibril da saurin fushi. Sai ta rubuta cewa mutum goma sha shida sun gamsu, ta bar maganar. A anket na biyu Mamani ya sake rubutawa, na uku ma haka. Kullum da safe tana gaishe shi, ba ta taɓa nuna masa ta gani ba.

Bayan damina Mamani ya aje aiki. Wanda aka ɗauka a madadinsa ba ya jin Tamashek, makiyayan arewa suka rage kawo dabbobi.

Wata biyar bayan haka ta gamu da shi a kasuwar Kornaka, yana sayar da akuya.

"Baba Mamani, mi ya sa ka tahi ba ka ce komi ba?"

"Na ce, ɗiyata. Sau ukku na rubuta."

Ta sunkuyar da kai. "Na karanta. Ni na cire. Tsoro na ji kada a gane kai ne."

Ya dube ta, ba fushi a fuskarsa. "Ai don a gane na rubuta. Da kin tambaye ni, da na ce ki sa sunana."

Washegari ta kai wa Jibril takardun uku. Ya karanta, ya ce, "Da kin kawo mani tun farko." Har yau ba ta sani ba ko zai saurara da ta kai masa a lokacin. An aika wa Mamani ya dawo, ya ce ya gode, garkensa na bukatarsa.

Ta ƙara shekara biyu tana wannan aiki. Duk wanda ya rubuta ƙorafi, takan nemi hanyar jin yadda yake so a yi da maganarsa. Daga baya ta bar biro, ta buɗe shagon fotokopi kusa da tasha.

Duk azumi takan aika wa Mamani shayi da sukari, shi kuma ya aiko mata da cuku. Ba su sake tayar da zancen ba.