Mzee Vuai Silima da Ɗakin da Na Ba Sifiri

Na Allah ne mu, kuma wajensa hanyar kowa ta nufa. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Rajab, ana fitowa daga sallar la'asar, Ussi ya bugo mini waya ya ce mahaifinsa, Mzee Vuai Silima, ya cika a gidansa da ke Tanga bayan jinyar wata huɗu. Na daɗe riƙe da wayar bayan ya kashe, na kasa tuna inda na nufa.

Mzee, shekara talatin da ɗaya ka yi a rundunar sojan ruwa, ka sauka da muƙamin sajan-manjo. Ka koma gonarka ta kanumfari ke nan aka sake nemo ka, aka haɗa ka da ni, kyaftin injiniyan da bai san teku ba sai a taswira. Aikinmu shi ne mu bi sansanonin bakin gaɓa ɗaya bayan ɗaya, mu auna muhimmancin kowane gini ga fitar jirage: gadar da suke tsayawa, tankin mai, ɗakin oba-oba, wurin gyaran injuna, har kicin. Tambaya biyu muke yi wa kwamandoji. In wannan gini ya tsaya, kwana nawa jirage za su ci gaba da fita? Aikin da ake yi a cikinsa kuma, ana iya ɗauke shi zuwa wani wuri? Daga amsar muke ba da maki, sifiri zuwa ɗari. Ginin da ya faɗi ƙasa a jeri, rufe shi ake yi ko a mai da shi wani abu. Kai ne idon aikin, amma ni ke sa hannu.

Ban manta ranar da muka ba wata tsohuwar rijiya casa'in, gidan kwamanda goma ba. Mutumin ya cika ya batse, kai kuwa ka sara masa cikin ladabi, ka kira shi yadda soja ke kiran na gaba da shi, ka ce, "Afande, in gidanka ya rushe ka kwana a jirgi. In rijiyar nan ta ƙafe, jirgin ma ba mai hawa." Ban manta kuma yadda teku ke juya mini ciki ba, kana miƙo mini ɗanyar citta a ɓoye, kana tsayawa tsakanina da ƙananan sojoji don kada su ga hafsansu yana amai. Har ka koma ga Allah ban ji wannan zance a bakin kowa ba.

A Ras Nyamavu muka saɓa, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami yau.

Ƙaramin sansani ne a kan tsibiri, jiragen sintiri uku. Mun isa da hantsi, muka gama da manyan gine-gine kafin azahar. Saura wani ɗaki ɗaya a gefen gada, fari, ba taga sai 'yar kafa a sama. Tsuntsayen teku sun cika rufin kowane gini a wurin, sun ɓata shi da kashi, amma rufin wannan ɗaki tas yake. Na lura sojojin da ke yi mana rakiya sun tsaya daga nesa. Kwamandan ya ce ɗakin wankan gawa ne tun zamanin Turawa, kuma an fi shekara shida ba a buɗe shi ba. Ya amsa tambayoyinmu yana duba agogo: ko an rushe shi ba jirgin da zai fasa fita, wanka kuwa ana iya yi a asibitin gari.

Aka kawo mabuɗi. Ciki ba komai sai dakalin siminti a tsakiya, mai tsawon mutum da ɗan ƙari. Wata uku rabon tsibirin da ruwan sama, rana tana tsaka, ƙasan ɗakin ƙura ce busasshiya har sawunmu na fita a kai. Amma dakalin a jiƙe yake sharkaf, ruwa na ɗiga daga gefensa a hankali. Na duba rufi, ba ɓula. Na duba bango, ba famfo, ba bututu. Ka taɓa ruwan ka kai bakinka, ka tofar. Sannan ka ce, ba tare da ka dube ni ba, "Afande Injiniya, kada ka rufe ɗakin nan bana."

Na tambaye ka dalili, ka ce ba ka da dalilin da zai shiga fom. Na ce ruwan teku ne ke tsattsafowa ta ƙarƙashi. Ka ce to, mai yiwuwa ne, amma ruwan da ya tsallake ƙasa ya hau dakali yana da dabara. A jirgi muna komawa ka sake roƙona, abin da ba halinka ba. Ka ce mutumin da ke fita teku yana so ya san inda za a kwantar da shi in an dawo da shi. Na yi dariya na ce tsufa ya fara taɓa ka. Na rubuta sifiri, na sa hannu. Kafin wata ya ƙare an mai da ɗakin sito, an cika shi da gwangwanayen fenti da igiyoyi.

Mako bakwai bayan haka iskar kusi, wato iskar kudu mai ƙarfi, ta kifar da ɗaya daga jiragen a bakin duwatsu. Mutum uku ba su fito da rai ba: Shaame, Nyange da Mwita. Muna wani sansani kusa, da ƙyar muka iso washegari da rana. Mun same su a kan gada an rufe su da tamfol, rana na dukansu, ƙudaje sun taru. Teku ta hana a tsallaka da su gari, mai riƙe da mabuɗin sito kuma yana can hutu. Sojoji sun yi cirko-cirko.

Ba ka nemi izinin kowa ba. Ka ɗauki guduma ka ɓalle kwaɗon. Igiyoyi a bushe, ƙura a kan murafen gwangwanaye, amma waɗanda aka jera a kan dakali gindinsu ya ci tsatsa kamar sun shekara a teku, ruwa kuma yana ɗiga kamar ranar farko. Da hannunka ka fitar da kayan. Ka tambayi abokan Mwita yadda mutanensu ke yi, tunda shi Kirista ne, ka bi abin da suka faɗa. Sannan ka leƙo ƙofa ka kira ni. Na zaci ranar cin fuskata ce ta zo. Sai ka miƙo mini buta ka ce, "Zuba a hankali, daga dama." A tsaye na yi wankan nan uku tare da kai. Kana yi musu magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin mara lafiya, kana kiran kowa da sunansa.

Kwana tara bayan jana'iza ba jirgin da ya fita daga Ras Nyamavu. Ba wanda ya ƙi bin umarni. Yau inji ya ƙi tashi, gobe matuƙi na zazzaɓi, jibi an rasa wani ƙarfe. Na shiga injunan da kaina ban ga komai ba. Daga ƙarshe wani kofur ya ce mini, idonsa a ƙasa, "Afande, mun ga inda ake ajiye mu." Man jirage yana nan, makamai suna nan, amma ginin da na ba sifiri ya tsayar da sintirin gaɓa guda. Ranar da aka wanke ɗakin aka yi masa farar ƙasa, aka rataye mabuɗinsa a ofishin gadi, ranar jirage suka tashi.

Na je na ba ka haƙuri. Ba ka yi mini ƙarya don ka sanyaya mini rai ba. Ka ce wanda ya tsara fom ɗin bai taɓa ɗaukar gawa ba, amma hannun da ke ƙasan takardar nawa ne. Daga nan ka zuba mini gahawa. A bakin wasu na ji cewa tun kana ƙaramin soja kai ke wanke duk wanda teku ta dawo da shi a wannan gaɓa, ba da umarni ba, ba don neman igiyar ƙarin girma ba. Da na matsa maka game da ruwan dakalin, sai ka ce abin da ba ka sani ba ba ka raɗa masa suna. Na haƙa gefen ɗakin daga baya, na auna, ban sami hanyar ruwa ba. A rahotona na bar wurin ba rubutu.

Ranar sadakar uku, matarka Bi Mboje ta sa aka kira ni bakin labule. Ta ce a makonka na ƙarshe, da rana tsaka, kakan ɗaga kai ka dubi ƙofa ka amsa sallama, alhali ba kowa. Kakan ce mata ta shimfiɗa tabarma, kuma kada ta damu da jiƙewar kayansu. Kana ta kiran sunaye, ta ƙirga har ta ɓace, ba ta san ko ɗaya ba. Ta ce abin da ya hana ta tsoro shi ne fuskarka, don ba ta taɓa ganin ka yi murna da baƙi haka ba. Maganar ƙarshe da ta ji daga bakinka kafin kalmar shahada ita ce, "Ku shigo, akwai wuri."

Ban san fassarar wannan ba, kuma ba zan ƙaƙalo ba. Allah ne masanin abin da ke ɓoye.

Ya Allah, ga bawanka Vuai ya zo. Ya suturta bayinka lokacin da aka bar su a rana, Ka suturta shi. Ka wanke shi daga kurakuransa, Ka yalwata masa kabari, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Bi Mboje, da Ussi da ƙanwarsa Patima, da jikoki, da duk sojan da ya taɓa fita teku hankalinsa kwance don ya san Mzee yana gaɓa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu zuwan.

Injiniya Khatibu Mcha