Bayahuden da Ya Shiga Ran Baba

Ni nake ɗauko Baba a babur daga Roni zuwa asibiti a Kazaure, ni nake duba masa gonar gyaɗa. Ƙanena kuwa sai hutun jami'a muke ganinsa. Tarihi yake karantawa.

Wata damina ya zo, muna zaune a zaure bayan la'asar, ya ce, "Baba, mun karanta labarin wani malamin Yahudawa da ya yi zamani a gabashin Turai tun da daɗewa."

Na zaci Baba zai yi gyangyaɗi, yadda yake yi idan ina masa zancen taki. Sai ya gyara zama.

Ƙanena ya ce mutumin maraya ne. Aikinsa na farko raka yara makaranta, yana rera musu waƙa a hanya. Daga baya ya koma cikin duwatsu yana haƙar yumɓu, matarsa na kaiwa gari ta sayar. Ya san saiwoyin magani. Da ya fara karantarwa, sai ya ce wa talakawan da ba su yi nisa a karatu ba Ubangiji na jin addu'arsu, kuma su yi ibada da farin ciki. Har yau yana da mabiya a ƙasashe da dama.

Baba ya ce, "Duwatsun kamar namu?"

"Sun fi namu sanyi, Baba."

Baba ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Ranar kasuwar Gwiwa na ji yana ba abokansa labarin, yana farawa da "ɗana ya ce". Ina tsaye gefensa riƙe da buhunsa.

Bayan ƙanena ya koma jami'a, na yi ta bincike a waya ina neman aibin malamin, har na gano manyan malaman Yahudawa sun yi adawa da tafarkin mutumin, sun ce mabiyansa na raina ilimi. Na kai wa Baba da saurina.

Ya saurare ni har ƙarshe, ya jinjina kai. "Ashe mutanensa sun sha wuya," ya ce. "Kira min ƙanenka, in ji yadda suka ƙare da su."

Na kira. Ni na riƙe wa Baba wayar a kunne har suka gama.