Minti Uku a Ƙofar Gidan Mahaifina

Shekarun baya, lokacin da kaina ke hayaƙi kuma albashina bai san zafin kuɗin makarantar yara ba, na sayi wata tsohuwar mota ƙirar Japan mai ƙofa biyu. Wasunku sun ga hotonta da na sa kwanaki, har ana tambayata me ya hana ni rabuwa da wannan tsohuwa. Na daɗe ina kauce wa tambayar, amma yau zan faɗa.

'Yar Kwatano ce, fara, a shekaru ta girmi autarmu. Ƙasa-ƙasa take, in za ka shige ta sai ka rusuna kamar mai gaida surukai. Abin da ya ja ni gare ta shi ne turbo. Ga wanda bai sani ba, turbo wata 'yar fanka ce da hayaƙin inji ke juyawa, ita kuma ta riƙa cusa wa injin iska, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba. In ka taka totur sai ta ɗan yi jim, sannan ka ji wani siririn fito, kujera ta manne da bayanka. Wannan fiton ne ya tafi da hankalina.

A lokacin ina zaune a Badarawa, ina aikin ofis. Ina da aboki makanike, garejinsa na bayan tashar Kawo, mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, tare muka yi sakandare. Shi kaɗai na yarda ya taɓa motar, domin sauran da zarar sun ɗaga bonet sai su fara cewa a cire wannan, a haɗa fanka kai tsaye, ai ƙasarmu akwai zafi. Shi kuwa sai ya tsaya ya karanta kafin ya ɗauki sifana. Duk Asabar can nake yini. Muka sa mata babban lagireto, muka canja robobin iska da suka tsufa, muka sake kuloci. Daga ƙarshe na matsa sai an sa mata ƙatuwar salansa mai ƙara. Ya ce babu abin da za ta ƙara wa motar sai baƙin jini a unguwa. Na ce na ji, a sa.

Turbon da ta zo da shi ni na ƙona shi da hannuna, cikin jahilci. Sai da motar ta yi wata huɗu a ajiye kafin aka samo wani daga Legas. Ranar da abokina ya gama ɗaura shi, ya goge hannu da tsumma ya tsare ni da ido.

"Alhaji," haka yake tsokanata, alhali ko filin jirgi ban taɓa shiga ba, "ka ji doka ɗaya. In ka yi gudu da ita, kar ka kashe ta nan take. Turbon nan ja yake yi kamar garwashi, baƙin mai ne ke sanyaya shi. Kana kashe inji mai zai tsaya, ya ƙone a ciki, shi ke nan ka sake binne wani. Ka bar ta a silo, tana tsaye inji na aiki, minti uku kafin ka murɗa makulli. Ko gobara ake yi."

Na riƙe maganar nan fiye da yadda na riƙe abubuwa da yawa da suka fi ta muhimmanci. Ni da ba kullum nake samun sahun farko a masallaci ba, ban taɓa tauye wa turbo minti ukunsa ba. A ƙofar ofis, a wajen mai tsire, a gidan biki, sai in tsaya in zauna, inji na gurnani a hankali, ina kallon agogon zafi. Mutane su yi ta kallona, ni kuwa ina jin kaina wani masani.

Mahaifina malami ne. Da girma ya zo masa sai ya bar cunkoson Badarawa ya koma Katabu, ya gina gida mai faɗin zaure. Kullum bayan la'asar yana ba da karatu a zauren, ɗalibansa manya ne, 'yan kasuwa da direbobi da dattawan unguwa, kowa da littafinsa. Ni ne ɗansa na fari, don haka akwai kunya tsakaninmu. Bai taɓa kiran sunana ba, haka ma mahaifiyata. Zancenmu da shi bai cika wuce gaisuwa da tambayar aiki ba, sai ya sa mini albarka in tashi. Na san yana sona, amma ba ta baki na sani ba.

Wata Lahadi, sati guda da sa sabuwar salansa, na tafi gaishe su. Na baro Kawo na sami hanya a buɗe, na ba ta wuta har Katabu. Na tsaya daidai ƙofar zaure ana tsakiyar karatu, na bar ta a silo kamar yadda na saba. Ban san ƙarar ta kai haka ba sai da na ga kawuna suna juyowa. Wani dattijo da ke biya karatunsa ya ɗaga murya, ya sake ɗagawa, sannan ya yi shiru. Mahaifina ya ɗago kai daga kan buzunsa, ya dube ni ta ƙofa.

"Kashe ta," ya ce.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake. Amma sai na leƙo da kai ta taga, a gaban mutanen da ke durƙusa masa, na ce, "Baba, sai ta huce tukuna. In na kashe yanzu turbo zai ƙone."

Har yau ina tuna yadda wani direba ya sunkuyar da kai, shi ne ya ji mini kunyar da ni ban ji ba. Mahaifina bai ɗaga murya ba, dama ba halinsa ba ne.

"To madalla. In ta huce sai ka juya da ita. Kada ka sake kawo mini ita ƙofar gida."

Ya mai da idonsa kan littafi. Ni kuma na cika minti ukuna, na juya na koma Badarawa ko cikin gida ban shiga ba.

Motar ya hana zuwa, ba ni ba. Kowa ya gane haka sai ni. Bas na tashi daga Kawo zuwa Katabu tun safe har dare, da na hau na je na durƙusa na ce na tuba, da magana ta mutu a ranar. Amma girman kai rawanin tsiya. Na ce an ci mini fuska a gaban jama'a, ni da na ci fuskar mahaifina. Mahaifiyata ta kira ni sau biyu, ta ce, "Ka zo ka ba Malam haƙuri, ba a kwana da fushin uba." Na ce in sha Allahu Asabar mai zuwa. Abokina ma da ya ji labari sai ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Kai Alhaji, ni na ce maka ko gobara ake yi, ban ce ko Baba ya yi magana ba. Turbo akwai wani a Legas. Ka je ka roƙe shi gafara."

Na ce zan je. Asabar ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, duk a gareji. Haka aka kwashe kusan wata biyu ban sa ƙafa a gidanmu ba.

Wata Asabar da hantsi ina garejin, mun gama juyen baƙin mai ke nan, wayata ta yi ƙara. Mahaifiyata ce.

"Kana ina? Ka taho yanzu. Jikin Malam ya tashi, kuma ya tambaye ka."

Yana da hawan jini, ya taɓa faɗuwa sau biyu yana tashi, don haka ban kawo mutuwa a raina ba. Amma kalmar nan ta cewa ya tambaye ni ta tsorata ni, domin bai taɓa yi ba. Na faɗa mota. Ban taɓa gudun da na yi ranar ba, kuma ban sake ba. Na ratsa tsakanin tireloli, turbo na fito, allura na hawa. Duk hanya ina tsara abin da zan ce: Baba, na yi kuskure, ka yafe mini. Kalmomi kaɗan ne, na yi ta maimaita su kamar mai hadda.

Na isa ƙofar gida, na ja birkin hannu. Hannuna ya kai kan makulli, sai idona ya faɗa kan agogon zafi, na ga allurar ta hau inda ban taɓa ganinta ba. Sai na janye hannun, na zauna.

Na sha tambayar kaina dalili. Sabo turken wawa, wannan gaskiya ne, jikina ne ya yi abin da ya saba. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, akwai wani abu bayan sabon. Tsoron haɗa ido da shi nake ji. Minti ukun nan sun zame mini maɓoya, na ce bari in tattara hankalina, bari in sake gyara kalmomin. Zauren a rufe yake, unguwar shiru, babu abin da ake ji sai gurnanin salansata. Ina kallon allura tana sauka a hankali.

Ban san ko minti ukun sun cika ba. Daga cikin gida na ji muryar mahaifiyata ta ɗauki salati, wasu muryoyin mata suka amsa. Na murɗe makulli na ruga. Da na shiga ɗakin, mahaifiyata tana ja masa mayafi zuwa fuska. Na kama ƙafarsa, da sauran ɗumi. Na faɗi kalmomin da na haddace, duka, har sau biyu, ga wanda ba zai amsa ba.

Aka yi masa sutura, aka kai shi bayan la'asar. Na karɓi gaisuwa a zauren nan, a gaban mutanen da suka ga abin da na yi wata biyu baya. Babu wanda ya tayar da zancen. Da ma sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar sadakar uku, bayan jama'a sun ragu, na shiga ɗakin mahaifiyata. Tana zaune a kan tabarma da carbi. Na durƙusa a gabanta.

"Inna, da na shigo da isowata, da na same shi?"

Mahaifiyata ba ta iya ƙarya ba, ko ta lallashi. Ta ce, "Da ka same shi. Amma ba a rubuta ba."

Na kifa kai ina kuka. Ta bar ni sai da na yi mai isata.

"Tun kana kan titi ya ji ƙararta," ta ce. "Ya buɗe ido ya ce, ga shi nan ya iso. Da muka ji shiru ba ka shigo ba, na yunƙura zan aika a kira ka. Sai ya riƙe mini zani ya ce, ƙyale shi, ba a kashe ta da zafi, sai ta huce. Ya ce in ka shigo bai iya magana ba, in gaya maka ya yafe maka duniya da lahira, kuma dama motar ya kora. Daga nan ya kama kalmar shahada."

Na samu yafiyar da na zo nema, ban ma roƙa ba. Mutane suna cewa in gode wa Allah, kuma na gode. Amma ku sani, wannan magana ta fi kowace tona mini zuciya. Mutumin da na mayar wa magana a gaban ɗalibansa ya riƙe dalilin da na ba shi, ya kuma yi mini uzuri da shi a numfashinsa na ƙarshe. Yana da sauran minti biyu ko uku a duniya, yana so ya gan ni, sai ya bar wa motata su.

Abokina ya zo gaisuwa tun ranar farko, ya zauna tare da mu a tabarma har aka yi bakwai. Ban gaya masa abin da ya faru ba, ashe ya ji a wajen mutanen gida. Ranar da zai koma aiki ya miƙo hannu ya ce in ba shi makulli. Bayan kwana biyu ya dawo da motar. Ya mayar mata da tsohuwar salansarta mai shiru, ya kuma haɗa wani ɗan akwati a ƙarƙashin sitiyari.

"Daga yau in ka tsaya, ka zare makulli ka yi tafiyarka. Za ta ci gaba da aiki minti uku, ta kashe kanta." Ya kau da kai, ya ce, "Tun farko ya kamata in sa maka. Kai ma ka yafe mini."

Na ce ba shi da laifi, kuma har zuciyata haka ne. Shi ƙarfe ya koya mini riƙewa, ya kuma koya mini daidai. Sanin lokacin da za a bar ƙarfe ya ƙone, wannan ba aikin makanike ba ne.

Na so in sayar da ita, mahaifiyata ta hana. Ta ce motar ba ta yi komai ba, kuma sayar da ita ba zai dawo da kowa ba. Shi ya sa take nan. Ina kula da ita kamar da, juye a kan kari, ruwan lagireto, robobi in sun tsage, sai dai na daina gudu kuma ban sake ƙara mata komai ba. Duk Juma'a da ita nake zuwa Katabu, kuma kafin injin ya mutu na riga na durƙusa gaban mahaifiyata.

Masu iyaye a raye, ba wa'azi zan yi muku ba, ban kai ba. Abin da na sani kawai shi ne, in akwai maganar da ka san ya kamata ka je ka faɗa, za ka samu dalilin jinkiri mai kyau, wanda kowa zai yarda da shi. Nawa ma mai kyau ne, makanike ya tabbatar.

Turbon da na tsaya wa ranar nan shi ne a jikinta har yau, ko hayaƙi ba ya yi. Duk masanin mota da ya leƙa injin sai ya girgiza kai ya ce lallai na iya riƙon mota. Nakan ce na gode, in rufe bonet.

Allah ya jiƙan mahaifina da naku da suka riga mu.