Jirgin da Ba Shi da Sitiyari

"To ina sitiyarin?" Kawu Sale ya fizge wayata yana ƙura mata ido.

Kawun nawa direban a-kori-kura ne tsakanin Safana da Batsari, bana kuma Allah ya kira shi Makka. Shi ne na ce bari in nuna masa gaban jirgi. Hoton farko abin tuƙin kamar rabin sitiyari, ya gyaɗa kai ya ce madalla. Na biyu kuwa wani ɗan guntun abu ne a gefe, kamar giyar mota.

Tsokana ta motsa min, na ce, "Ai irin wannan ne zai kwashe ku."

"Da hannu ɗaya? Ɗayan yana me?"

"Shan shayi, Kawu."

Ya yi salati, ya rantse sai an ba shi gidan gaba, in direban ya fara gyangyaɗi ya karɓa.

Jama'a, mutumin nan fa sitiyarin motarsa sai ya murza ya ƙara murzawa kafin taya ta samu labari, kuma haka muke bismillah mu shiga.

Yanzu Inna ta ce in je in gyara ɓarnata tun bai fasa tafiya ba. In faɗa masa ni ma ban san jirginsu ba, ko in bar shi ya je neman gidan gaba?